Dokar Birni ta Burazil

Dokar Birni doka ce da Burazil ta kafa a 2001 domin tsara amfani da filaye a birane. Duk garin da mutanensa suka haura 20,000 dole ya mallaki babban tsarin gari, a sake duba shi aƙalla duk shekara 10, kuma ba a rubuta shi sai an saurari jama'a a buɗaɗɗun taruka. Masu suka na cewa attajirai da 'yan kasuwar gidaje kan mamaye tarukan. Hakan yana faruwa, amma dokar ta ba mazauna unguwannin talakawa madogara mai ƙarfi, domin magajin garin da ya toshe wannan hanya ana iya gurfanar da shi kan cin amanar aiki.