Hoton Ƙashi da Sikanin: Tarihin Duba Ƙugun Jarirai

A 1959 aka buɗe Asibitin Ƙashi na Dala a hanyar Ƙofar Ruwa, cikin ganuwar Kano. A wancan zamani, likitan da ke zargin gaɓar ƙugun jariri ta goce, abu biyu ya dogara da su: hannunsa da hoton ƙashi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895.

Duba da hannu, Marino Ortolani na Italiya ne ya bayyana salonsa a 1937. A kwantar da jinjiri rigingine, a lanƙwasa gwiwoyinsa, a buɗe cinyoyin sannu a hankali. In kan ƙashin cinya ya fita daga gurbinsa, sai likita ya ji ya koma ƙwas a ƙarƙashin yatsa. A 1962 Thomas Barlow na Ingila ya ƙara da nasa gwajin, na gano gaɓar da take zaune amma da an ɗan tura ta sai ta zame.

Hoton ƙashi kuwa yana da iyaka. Kan ƙashin cinyar jariri guringuntsi ne, hasken yana ratsa shi ya wuce, ba ya fitowa sai ƙashi ya fara ƙulluwa a wata huɗu zuwa shida. Kafin nan sai dai likita ya ja layuka a kan hoton ya yi kirdado. Shi ya sa yara da yawa a duniya ba a gane matsalarsu sai sun tashi tafiya da ɗingishi, lokacin da sau da yawa sai an kai ga filasta ko tiyata.

A 1980 Reinhard Graf, likitan ƙashi a Ostiriya, ya nuna cewa na'urar sikanin, wadda ke aiki da sauti, tana fito da guringuntsin ƙarara tun makonnin farko, ba tare da an haska wa jariri komai ba. Ya kafa ma'auni: kusurwar rufin gurbin ta kai digiri 60, gaɓa lafiya lau. Ostiriya ta fara duba kowane jariri a 1992, Jamus ta bi sahu a 1996. Ingila da Amurka suka tsaya kan waɗanda ake tsoro: wanda ya zo ta ɗuwawu, ko mai irin ciwon a danginsu. Hujjarsu ita ce gaɓoɓi da yawa kan daidaita da kansu, kuma ingancin sikanin yana ga gwanintar mai riƙe na'urar. Da ƙashi ya ƙullu kuma sai ya tare sautin, hoton ƙashi ya karɓi aiki.

A Kano an fi sanin sikanin da awon ciki, ba ƙugun jinjiri ba. Goyo kuwa yana taimaka wa gaɓar ƙugu: ɗan da aka ɗaure da zani da majanyi, cinyoyinsa a buɗe a bayan uwa, zaman da ɗamarar Arnold Pavlik ta magani ke sa jariri ke nan. Japan kuwa, inda a da ake naɗe jarirai ƙafafu a miƙe, ta fara yaƙi da al'adar a 1975, ciwon ya ragu ƙwarai. Sai dai goyo ba ya mayar da gaɓar da ta riga ta fita. Uwar da ta ga cinya ɗaya ba ta buɗewa kamar 'yar uwarta, asibiti ya kamata ta nufa kafin wurin maɗori, kuma watannin yaron ne za su faɗi hoton da za a ɗauka.