Daga Lifidi Zuwa Rigar Kare Harsashi

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin rundunar Kano. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙa don tare kaifin takobi. Lifidi kuwa yadi ne da ake cusa wa auduga a ɗinke, a lulluɓe doki da mahayinsa, ta yadda kibiya mai dafi za ta maƙale a ciki ba ta taɓa fata ba. Yana da nauyi, ga shi wuta na cin sa, shi ya sa a da maharba kan tari 'yan lifida da kibiyoyi masu wuta.

Bindiga ce ta kashe kasuwar waɗannan kaya. A yaƙin Sakkwato na watan Maris 1903, mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru sun fuskanci bindigogin Maxim na sojojin Ingila, kuma babu sulken da ya iya tare harsashinsu.

Maganin harsashi ya fito ne daga zare, ba daga ƙarfe ba. A 1897 wani limamin coci ɗan Poland mazaunin Chicago, Casimir Zeglen, ya nuna rigar siliki mai tare harsashin ƙaramar bindiga, sai dai tsadarta ta hana ta yaɗuwa. A 1965 Stephanie Kwolek, masaniyar sinadarai a kamfanin DuPont na Amurka, tana neman zare mara nauyi da zai ƙarfafa tayar mota, sai ta gano wanda daga baya aka raɗa wa suna Kevlar. Idan nauyinsu ɗaya, ya ninka ƙarfe ƙarfi sau biyar. Ana jera shi ninki bisa ninki, kowane ninki ya rage wa harsashi gudu, ya baza ƙarfinsa, har ya tsaya. Wannan ita ce dabarar lifidi, kuma ta tsirar da rayukan 'yan sanda masu yawa tun daga shekarun 1970.

Amma rigar Kevlar tana da iyaka, kuma wajibi ne mai sa ta ya sani. Tana tare harsashin fistol da ɓarɓashin bam, amma harsashin AK-47 yana huda ta sai an zura mata faranti na ƙarfe ko na tangaran mai tauri a ƙirji da baya. Girgizar fashewar bam kuwa tana iya yi wa huhu da ƙwaƙwalwa lahani ko da rigar ba ta huje ba.