Mazaɓar Kano ta Gabas da Zaɓuɓɓukanta a Zamanin NEPU da NPC

Manufar wannan ɗan bayani ita ce waiwayar wata tsohuwar mazaɓa ta birnin Kano wadda yanzu babu ita, wato Kano ta Gabas. Idan ana hirar siyasar da, akan ce Malam Aminu Kano ya faɗi a nan, ya ci, ya sāke faɗuwa. To, haka ne. Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kusan kowane zaɓe da irin ƙa'idar da aka yi shi, kuma wanda ya karanta sakamakon bai san ƙa'idar ba, zai yi wa mutanen birni mummunar fahimta.

An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. A shekarar da ta biyo baya aka yi zaɓen farko na Majalisar Jihar Arewa, kuma zaɓe ne na hawa-hawa. Masu biyan haraji su zaɓi wakilan unguwa, waɗannan su zaɓi na gaba da su, har a kai ga matakin lardi. A matakin ƙasa NEPU ta taka rawar gani a cikin birni. Sai dai doka ta bai wa En'e ikon cusa nata mutanen, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe. Da aka gama tankaɗe da rairaya, ko mutum ɗaya na NEPU bai shiga majalisar Kaduna ba. A 1954 ma ta wannan hanya ta wakilai aka yi zaɓen Majalisar Wakilai ta Ikko, inda Maitama Sule, wanda a lokacin saurayi ne malamin makaranta, ya kayar da Malam Aminu.

A 1956 ne aka fara barin mutanen wasu mazaɓun birane su jefa ƙuri'a da hannunsu a asirce. A nan ne NPC ta yi wata dabara da ya kamata mai karatu ya lura da ita. Ba ta tsayar da ɗan sarki ko hakimi a Kano ta Gabas ba, alhali kuwa jam'iyyar sarauta ce. Gabashin birni wurin fatake ne da 'yan kasuwar Kurmi da masu sana'ar hannu, kuma su ne waɗanda wa'azin NEPU a kan zaluncin masu sarauta ya fi shiga kunnensu. Saboda haka sai ta ɗauko Alhaji Ahmadu Ɗantata, ɗan Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955. Mutumin da uban gidansa na kasuwa ke karɓar jarin gyaɗa a gidan Ɗantata, yaya zai yi? Ahmadu ya ci kujerar. A ganina wannan zaɓe bai nuna cewa talaka ya juya wa Malam baya ba. Abin da ya nuna shi ne nauyin ubangida a wuyan baransa.

Zaɓen tarayya na 12 ga Disamba, 1959, shi ne na farko da aka bai wa duk baligin namiji a Arewa ƙuri'a kai tsaye. Mata kuwa ba a ba su ba. Kowane ɗan takara da akwatinsa a bayan labule, da alamar jam'iyyarsa a jiki: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Malam Aminu ya ci Kano ta Gabas. Girman wannan nasara sai an dubi sauran Arewa, domin cikin kujeru 174 NPC ta kwashe 134, NEPU kuwa takwas kacal ta samu. Abin mamaki kuma, da yake NEPU ƙawar NCNC ce, ita kuma NCNC ta haɗa gwamnati da NPC a Ikko, sai ga Malam yana zaune a ɓangaren gwamnatin da yake yaƙa a gida, har yana riƙe da muƙamin mataimakin mai tsawatarwa. Mabiyansa a Kano ba su daina shan ɗauri a kotunan alƙalai ba saboda wannan.

Shekara biyar bayan haka gidan Ɗantata ya dawo. A wannan karon Alhaji Mamuda ne, mai kamfanin jigilar alhazai da ya bar wa Fagge sunan Wapa. Shi kansa a da yana tare da NEPU kafin ya koma NPC. Zaɓen na 30 ga Disamba, 1964, ya zo da hargitsi, don ƙawancen UPGA, wanda NEPU ke ciki, ya ba da sanarwar ƙaurace masa ana gab da jefa ƙuri'a, a Arewa kuwa aka ci gaba da zaɓe. Mamuda ya ci, amma ya ɗan haura shekara ɗaya ne kawai a kan kujerar, sai sojoji suka yi juyin mulki ran 15 ga Janairu, 1966, suka rushe majalisa, daga baya suka soke jam'iyyu.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1979 an riga an sāke yanka mazaɓu bisa ƙananan hukumomin da aka kafa a 1976, kuma matan Kano sun samu ƙuri'a. A wannan zaɓe PRP ta Malam Aminu ta ci gwamnan jihar Kano, Muhammadu Abubakar Rimi ya hau.