Gandun Joshua Tree: Dajin duwatsun da ke cika da baƙi bayan hunturu

Gandun Joshua Tree yana kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, gabas da birnin Los Angeles, a daidai inda hamadar Mojave ta haɗu da ta Kolorado. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 3,200. Shugaba Franklin Roosevelt ne ya sanya yankin ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya a 1936, bayan fafutukar da Minerva Hoyt ta yi, sa'annan a 1994 aka ɗaga matsayinsa zuwa gandun ƙasa.

Gandun ya samo sunansa ne daga wata itaciya mai karkatattun rassa da ganye masu tsini kamar mashi. Sai dai abin da ya fi jan hankalin baƙi shi ne manyan duwatsun da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. Asalinsu narkakken dutse ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa miliyoyin shekaru da suka wuce. Ruwa ya riƙa bin tsagoginsa yana cinye kusurwoyi, daga baya zaizayar ƙasa ta fito da su fili.

Watannin Maris da Afrilu, bayan sanyi ya ja baya, na daga cikin lokutan da suka fi dacewa da ziyara. Zafin rana kan tsaya a wajen maki 29 a ma'aunin Salshiyas, da dare kuma ya sauka zuwa wajen 10. Idan an samu ruwan sama a hunturu, furanni kan rufe filayen. Daga Yuni kuwa zafi kan wuce maki 38.

Masu yawon ƙafa sukan fara da hanyar Hidden Valley, wadda zagayenta bai wuce kilomita 1.6 ba. Masu juriya sukan hau dutsen Ryan mai tsayin kimanin mita 1,660, tafiyar kusan kilomita 5 zuwa da dawowa. Akwai wuraren kafa tanti, kamar Jumbo Rocks da ke tsakiyar duwatsu, kuma sukan cika a wannan lokaci, don haka ake kama wuri tun da wuri.

Babban haɗarin gandun shi ne ƙishirwa. Yawancin wuraren kwana ba su da ruwa, sai kaɗan irin su Black Rock da Cottonwood. Hukumar gandun na shawartar kowane baƙo ya tanadi aƙalla lita 4 a rana, mai doguwar tafiya kuma ya ninka. Layin waya ba ya samuwa a mafi yawan sassan, saboda haka ya kamata matafiyi ya sanar da wani hanyar da zai bi da lokacin dawowarsa.

Haka kuma an hana ɗaukar kunkurun hamada. Idan ya firgita yakan zubar da ruwan da ya adana a mafitsararsa, abin da kan iya jawo masa mutuwa kafin wani ruwan saman ya sauka.