Katedral ta Maraɗi da garin da ya hau tudu

 Yau shirinmu na tarihi zai kai mu Maraɗi. Mutumin Tsarnawa ya san hanya. In ka tsaya a mararraba, hanyar arewa ta yi Tawa, ta gabas kuwa ta bi Malbaza da Galmi da Madawa har ta kai Maraɗi. Tafiyar ta fi kilomita 200. A can akwai wata majami'a ta Kiristoci ƴan Katolika, ana ce mata katedral. A kanta za mu yi magana, ita da garin da ya kewaye ta.

To, mene ne katedral? Kalmar baƙuwa ce, ta fito daga wata tsohuwar kalma mai ma'anar kujera. Ƴan Katolika suna da babban malami da ake kira bishop. Shi ne shugaban limamansu a yanki guda. Majami'ar da aka ajiye kujerarsa a ciki, ita ce katedral. Ke nan ba girman gini ke ba ta wannan suna ba. Ku dubi gidan sarki. Ko na laka ne, in dai sarki yana zaune ciki, fada ce.

Kafin mu shiga majami'ar, sai mun san garin. Maraɗin da kuke gani yau ba a nan take ba da can. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807. Sarakunan Haɓe suka yi gudun hijira arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, ya mai da ita mazaunin sarautarsa. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Birnin nan cikin kwarin Gulbi yake, da ganuwarsa, ga ruwa kusa, ga duhuwar itatuwa da ke tare dawakin abokan gaba. Lokacin yaƙi wurin ya yi musu rana.

Da Nasara suka zo, yaƙi ya ƙare, ciniki ya tashi. A 1927 Faransawa suka ɗauke mazaunin kwamandansu daga Tasawa zuwa Maraɗi. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna suna sayen gyaɗa, wadda mu nan muke ce wa gujiya. Sai ga shekarar 1945. Damina ta yi ƙarfi, Gulbi ya cika ya batse, ya shiga birni. Gidajen laka suka zube. Ruwan da ya tsare garin shekara ɗari da wani abu, shi ya ci shi.

Daga nan hukuma ta ce kowa ya hau tudu. Aka auna sabon gari, aka ja tituna miƙaƙƙu masu faɗi, aka gina gidan sarki da babban fili a gabansa. Mutane suka bar kangayensu a kwari, amma ba su bar sunayen unguwanninsu ba. Bagalam, da Ƴandaka, da Maraɗawa, da Limanci, duk sun hau tudu tare da masu su. Wannan abu yana burge ni. Mutum ya rasa ɗaki da rumbu, amma ya ƙi yarda ya rasa sunan unguwarsu.

Yanzu mu koma ga Kiristoci. Kashi biyu ne suka shigo ƙasarmu, kada ku haɗa su. Na farko ƴan mishan na SIM, masu jin Ingilishi, da suka ɓullo ta Nijeriya. Sun sauka Damagaram, sa'an nan Tsibiri kusa da Maraɗi, da Hausa suke wa'azi. Su suka buɗe asibitin Galmi a 1950, wanda kusan kowane gida a Ƙwanni da Malbaza da Illela ya taɓa kai majinyaci. Na biyu su ne Katolika, masu jin Faransanci. Wani limaminsu mai suna François Faroud ya kafa mishan ta farko a Yamai a 1931. Daga Yamai suka yi ta buɗe wasu, har suka zauna Maraɗi cikin shekarun 1950.

Kun ga ke nan majami'ar Katolika ta Maraɗi ba ta san tsohon birni ba. Ɗiyar tudu ce. Aka sa mata suna Notre-Dame de Lourdes. Notre-Dame shi ne yadda suke kiran Maryamu, uwar Annabi Isa. Lourdes kuwa wani gari ne a kudancin Faransa da ƴan Katolika ke zuwa ziyara.

Su wa ke shiga cikinta? Galibi baƙi ne. Akwai Turawa kaɗan. Mafi yawa akawuna ne da malaman makaranta da masu sana'a daga Dahome, wadda yau ake kira Benin, da Togo, da Haute-Volta, wadda yau ake kira Burkina Faso. Sun riga mu shiga makarantar boko, Faransawa suka kawo su aikin ofis. A ƙarshen 1963 Nijar da Dahome suka yi jayayya a kan tsibirin Lete na kogin Kwara, aka sallami ma'aikata ƴan Dahome da yawa, suka koma gida. Katolika ba su samu mabiya sosai cikin Hausawa ba. Abin da mutanen gari suka fi sanin su da shi, makarantarsu ce, inda ɗiyan Musulmi da yawa suka yi karatu.

Majami'a tana nan inda take, gari kuwa bai tsaya ba. Lokacin da muka samu mulkin kai a 1960, mutanen Maraɗi ba su kai 20,000 ba. Ƙidayar 1977 ta samu wajen 45,000. Ta 1988 ta haura 100,000. Ta 2012 ta ƙirga 267,249. Me ya jawo haka? Da fari gyaɗa ce. Da farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, talakawan ƙauye suka kwararo birni neman abinci, da yawa ba su koma ba. Alhazan Maraɗi kuma suka juya ga fatauci da Katsina da Kano. Kuɗi suka shigo, benaye suka tashi, masallatai suka yawaita. Gonakin gero na bakin gari suka zama unguwanni, irin su Sabon Gari da Zariya da Ali Ɗan Tsoho. Aka buɗe jami'a mai sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. A 2015 aka yi bikin 18 ga Disamba a garin, wanda aka kira Maraɗi Kwalliya, aka shimfiɗa kwalta, aka yi sababbin gine-gine.

Shekaru da yawa majami'ar ba katedral ba ce tukuna. Tun 1961 kujerar bishop ɗaya ce a Nijar duka, tana Yamai, Hippolyte Berlier ya fara zama kanta. Sai ran 13 ga Maris 2001 Fafaroma Jean-Paul na 2 ya raba ƙasar biyu. Aka ajiye kujera ta biyu a Maraɗi, aka ba Ambroise Ouédraogo, haifaffen Burkina Faso. Ya riƙe ta sama da shekara 20. Yankin kujerar ya haɗa jihohi 5: Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas da Difa. Ashe Kiristan Katolika da ke zaune Ƙwanni ko Malbaza, shugabansa yana Maraɗi. Ƙasa ce mai faɗin gaske, mabiya kuwa ƴan kaɗan, don Kiristocin Nijar duka ba su kai 1 cikin 100 ba.

Zaman bai rasa ranar baƙin ciki ba, kuma tarihi ba ya ɓoye irin wannan. A watan Nuwamba 2000 an yi tarzoma a Maraɗi, aka ƙone wata majami'a da ba ta Katolika ba. A Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, fushi ya tashi a Damagaram da Yamai. Aka ƙone majami'u da yawa, har da ta Katolika a Damagaram, wadda ke ƙarƙashin kujerar Maraɗi. Mutum 10 suka mutu. Waɗanda aka ƙone wa wurin ibada ba su suka yi zanen ba. A ranakun nan akwai Musulmi da suka buɗe ƙofa suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci har ƙura ta lafa.

Wanda duk ya je Maraɗi cin kasuwa, in ya samu sarari, ya bi titi ya yi yamma har inda tudu ya ƙare. Daga nan zai hango kwarin Gulbi a ƙasa. Gonaki ne da lambuna da itatuwan mangwaro. Nan birnin Ɗan Kasawa yake kafin ruwan 1945.