Daga Kududdufi Zuwa Ɗakin Tiyata: Tarihin Ceton Mafitsara

Da yawa daga cikin waɗanda suka taso a Fagge ko Sabon Gari sun san yaron da ya yi fitsarin jini bayan wanka a kududdufi ko a bakin Jakara. Tsargiya ake ce wa ciwon, kuma a wasu wurare har kallon alamar balaga ake yi masa. Abin da ba a cika sani ba shi ne, ciwon kan dawo bayan shekaru masu yawa da wani suna: sankarar mafitsara.

A 1851 ne likita Bajamushe Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira. Tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta ratsa fatar mutum, ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara suna miki. A 1911 wani likita, Ferguson, ya danganta ta da sankara a Masar, sannan a 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya ta cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

Hanyar da likitoci suka daɗe a kai ita ce cire mafitsarar baki ɗaya. Bardenheuer ya fara yin haka a Jamus a 1887. A 1950 Bricker na Amurka ya daidaita dabarar yanko guntun hanji a mai da shi magudana, fitsari ya riƙa zuba cikin jaka a gefen ciki. Rai ya tsira, amma da tsada. Ga ɗan kasuwar Kwari, tambayoyin a fili suke: yaya alwala, yaya shiga sahu, yaya zaman aure? Malamai sun yi sassauci a babin mai yoyon fitsari, sai dai fatawa ba ta sayen jaka, ba ta kuma kawar da kunya.

Wannan ya sa aka koma neman ceton gaɓar. A shekarun 1980 likitocin Jamus da na Mansura a Masar suka inganta ƙera sabuwar mafitsara daga hanji. A Boston kuwa aka gwada kankare ƙarin ta mafitar fitsari, a bi shi da gashin haske da magani, a bar wa mutum tasa. Ga waɗanda aka zaɓa da kyau, tsawon rayuwarsu ya kusanci na waɗanda aka cire wa.

Sharaɗin yana da tsauri: ƙarin ya zama ƙarami, guda ɗaya, bai toshe hanyar ƙoda ba. Nan gizo ke saƙa. Irin sankarar da tsargiya ke haifarwa ba ta cika jin gashi da magani ba, kuma masu ita kan isa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko cibiyar Abubakar Imam bayan ta ci bango, domin wanda ya saba ganin jini tun yarinta ba ya firgita da shi a shekara 50.

Masar ta nuna mafita. Da ta yaƙi tsargiya da maganin praziquantel, wannan nau'in sankara ya ragu ƙwarai a asibitocinta. A Kano, inda noman ranin Kadawa da Kura ya haɗa jama'a da ruwa tun bayan gina madatsar Tiga a shekarun 1970, makomar mafitsarar dattijo tana farawa ne daga ƙwayar maganin da aka ba shi yana ɗan firamare.