Daga Littafin Dillali zuwa Saƙon Salula a Magarya da Dungas

A zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 ke sayen amfanin gona a ƙasar Magarya, sunayen masu ciniki a kan dillali suke. Shi ya san wanda ya ci bashin iri a Bande, da wanda ba ya biya sai kaka a Wacha. Ɗan abin da ya rubuta, da ajami ko da boko, yana cikin aljihunsa. In kaya sun iso, sai a aiki yaro, ko a jira ranar kasuwa.

Rumbun bayanai na hukuma ya zo da SIMA, ma'aikatar da ke bin farashin kayan gona tun 1989. Wakilanta kan zaga kasuwanni su rubuta kuɗin hatsi da wake, rediyo ta karanta. Amfani dai an yi, sai dai magana ɗaya ce ga kowa, mai saye da mai sayarwa.

Salula ce ta sauya lissafin. Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta koma Zain, sannan Airtel a 2010. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda waya ta shiga.

Kamfanonin wayar ne kuma suka kawo wa mutanen nan tallar da na'ura ke aikawa da kanta. Rumbu biyu ke gare su: ɗaya na ajiye lambarka da kuɗin da ka sa da ranar da ka daina kira, ɗayan na tura saƙo. Da aka buɗe ƙofa tsakaninsu, wadda masu sana'ar ke kira API, kuɗinka na ƙarewa saƙon garaɓasa na shigowa, ba wanda ya taɓa madanni. A ƙetare dabarar ta zama sana'a mai zaman kanta: kamfanin Eloqua ya fito a Kanada a 1999, kamfanin HubSpot a Amurka a 2006. Ƙaramin ɗan kasuwa bai sami nasa rabon ba sai da WhatsApp Business ya fito a 2018.

A ganina, wahalar ba a ƙofar haɗin take ba, a rumbun take. Mutum guda yana da layin Nijar, yana da na Nijeriya don kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Na'ura ta ɗauke shi mutum biyu. An rubuta shi Mahamadou a nan, Muhammadu a can. Ya yi ciniki yau da sefa, gobe da naira. Dungas ma ba ta zama gunduma ba sai 2011, don haka tsofaffin takardu na sa mutanen garuruwanta na Dogo-Dogo da Malawa a ƙarƙashin Magarya. Ga kuma mai wayar da ba ya karatun Faransanci, sai ya miƙa wa ɗansa ya duba.

Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutum, hukumar HAPDP ke sa ido a kanta, kuma ta shafi duk mai tara lambobin jama'a don talla. Mai shago a Magarya kuwa, in sabon takin zamani ya sauka, har yau yakan buɗe littafin bashi ya ga wanda ya biya na bara, sannan ya danna waya ya yi masa saƙon murya.